Zuwa ga Ummi, a kan karatunki na Masar ta dā

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, karatu kuma yana tafiya daidai. Mu nan kowa lafiya, sai sanyi da ya sauko.

Saƙonki ya iso, kuma na fahimci abubuwa biyu da ke damunki. Na farko bai cancanci ya hana ki barci ba. Masu cewa 'yan'uwanki sun tafi Azhar ke kuwa kin tsallaka Giza, Jami'ar Alƙahira, kina karatun Fir'auna, ki ƙyale su. Alƙur'ani da kansa ya umarce mu mu yi tafiya a bayan ƙasa mu dubi yadda ƙarshen magabata ya kasance. Ƙasar Masar ɗin nan Annabi Yusuf ya riƙe rumbunanta, a cikinta aka haifi Annabi Musa. Ki tsare sallarki da mutuncinki, shi ke nan.

Na biyun ne ya sa na ɗauki alƙalami. Kin ce darasin harshe yana ba ki wuya, kina tunanin ki lallaɓa ki ci jarrabawarsa kawai, ki dogara da fassarar Turawa. Ummi, ban yarda ba. Wanda bai iya karanta rubutun mutanen nan da kansa ba, ɗan rakiya ne a wannan fage, duk yawan dalar da ya ɗauki hoto a gabanta.

Ki tuna yadda ƙofar ta buɗe. A 1799 sojojin Faransa suka tsinci wani dutse a garin Rashid, ɗauke da umarni guda na zamanin Sarki Batalimus na biyar cikin rubutu iri uku. Sai a 1822 wani masani Bafaranshe, Champollion, ya warware shi, kuma abin da ya taimake shi sosai shi ne ya san Kibɗanci, harshen da har yau ake addu'a da shi a cocin Kibɗawa nan kusa da ke. Don haka ki dage da nahawun Masaranci na tsakiya tukuna, sannan rubutun hannu na magatakarda da ake kira hiratik, sannan Kibɗanci. Jamusanci da Faransanci ma ba makawa, domin babban ƙamus ɗin harshen a Jamus aka haɗa shi, rahotannin tono da yawa kuwa da Faransanci suke.

Bari in gaya miki abin da ke jiranki idan kin jure. Kowa ya san Tutankhamun da zinariyar da Howard Carter ya tarar a 1922. Ni kuwa mutanen Deir el-Medina suka fi burge ni, ƙauyen ma'aikatan da suka haƙa kaburburan sarakuna a yammacin Luksor. Sun bar dubban rubuce-rubuce a kan tsingaro da ɓallin farar ƙasa. Akwai wani a gidan tarihi na Landan, daga shekara ta 40 ta mulkin Ramsis na biyu, inda magatakarda ya jera sunayen ma'aikata da uzurin kowa na rashin zuwa aiki. Wannan kunama ta harbe shi, wancan yana ciwon ido, wani yana dafa giya, wani yana shirya gawar ɗan'uwansa. Duk wanda ya taɓa riƙe rajistar ma'aikata zai gane su nan take.

A shekara ta 29 ta Ramsis na uku, hatsin da ake biyansu albashi da shi ya yi jinkiri. Suka ajiye kayan aiki, suka ratsa shingayen masu gadi, suka je suka zauna a bayan wani haikali, suna kukan yunwa da ƙishi, da rashin tufa, mai, kifi da ganye. Takardar da ta ba da labarin tana Turin ta Italiya, kuma shi ne yajin aiki mafi daɗewa da aka samu a rubuce. Akwai kuma wata tsohuwa, Naunakhte, da ta je gaban kotun ƙauyen ta yi wasiyya. Ta ce ta raini 'ya'ya takwas, ta tsufa wasu sun yi watsi da ita, saboda haka ba za su ci kome daga dukiyarta ba. Ba gugar zana nake miki ba, amma mahaifiyarki ta ce lallai in sa wannan.

Irin waɗannan muryoyi, a fassara rabinsu kike ji. Inda tsingaron ya karye, mai fassara yakan cike gurbin da zatonsa, kuma ba za ki san ina ne maganar mai rubutu ta tsaya ba sai kin dubi asalin.

Sai batun da kika ce kina so ki yi bincikenki na ƙarshe a kai, wato alaƙar Hausa da Masar. Gaskiya ne masana harshe sun sa Hausa da tsohon Masaranci a babban gida ɗaya tare da Larabci da harsunan Abzinawa, Hausa tana reshen Cadi. Amma dangantakar harsuna daban, cewa mu jikokin Fir'auna ne daban. Masu haɗa kalmomi a Facebook don sun yi kama a kunne ba su san ƙa'idar sauyin sauti ba, kuma malaminki zai gane haka a shafin farko. In Afirka ce ke jan hankalinki, ga sarakunan Kush na daula ta 25, su Piye da Taharƙa, waɗanda suka fito daga Sudan ta yau suka mulki Masar, hujjarsu a rubuce a kan dutse. Ki nemi shawarar malaminki kafin ki tsayar da take.

Idan aka fita da ku tono, ki girmama shugabannin leburori, musamman mutanen garin Ƙift. Tun zamanin Petrie, Baturen Ingila mai tonon kayan tarihi, suke gadon aikin nan kaka da kakanni, idonsu yana ganin canjin launin ƙasa kafin na mai digiri.

Na tura kuɗin littafin nahawun da na haya, ki sanar da ni idan sun shiga. Mahaifiyarki da ƙannenki suna gaishe ki. Allah ya yi miki albarka, ya ba da sa'a.

Mahaifinki.