Sanarwar Rasuwar Malaminmu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ƴan uwa tsofaffin ɗalibai, muna sanar da ku rasuwar malaminmu na lissafi kuma kocinmu na ƙwallon ƙafa, wanda aka yi jana'izarsa jiya bayan Azahar. Duk wanda ya bi ta hannunsa ya san yadda yake isowa fili da yamma a kan kekensa, usur rataye a wuya, kuma ba ya barin yaro ya taɓa ƙwallo sai ya duba littafinsa. Yawancinmu da muka shiga Jami'ar Ahmadu Bello, shi ya ƙarfafa mana gwiwa.

Gobe da safe za mu haɗu a Ƙofar Doka, mu wuce gidansa cikin birni domin addu'ar uku. Allah Ya gafarta masa.