A ba makaɗan Poly-Rythmo na Kwatano haƙƙinsu

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Shirinku na tsofaffin kaɗe-kaɗen Afirka ta Yamma yana mana daɗi, Allah ya ƙara basira. Sai dai duk lokacin da aka zo kan kiɗan fank na shekarun 1970, daga Fela Kuti ake farawa, a kansa kuma ake rufewa. Fela gwani ne, babu mai ja. Amma mu mazauna Kwatano mun san wata ƙungiya da ta cancanci shiri sukutum, wato Poly-Rythmo.

Mélomé Clément ne ya kafa ta a Kwatano a ƙarshen shekarun 1960, lokacin ƙasar ana kiranta Dahomey. A zamanin nan samarin gaɓar teku kowa James Brown, mawaƙin fank na Amurka, yake kwaikwayo, balle bayan ya zo Legas a 1970. 'Yan Poly-Rythmo ma sun sha daga wannan rijiya. Abin da ya bambanta su shi ne ba su yar da gangar gida ba. Sun ɗauko kiɗan sato da na sakpata, waɗanda 'yan ƙabilar Fon ke kaɗawa a bukukuwan gargajiyarsu, suka ɗora musu jita da ƙaho da piyano mai lantarki. Ba sai mutum ya yarda da abin da ake yi a waɗancan bukukuwa ba kafin ya gane gwanintar da ke cikin aikin. Duk wanda ya ji muryar Vincent Ahehehinnou a kan jitar Papillon ya san wannan kiɗa a Kwatano aka haife shi, ba aro ba ne. Da harshen Fon suka fi waƙa, suna haɗawa da Mina da Yarabanci da Faransanci.

Akwai ma alaƙa da Najeriya wadda ya kamata masu sauraronku su sani. Kamfanin Albarika Store ne ke kai su Legas su ɗauki faifai a sitidiyon EMI, shi ya sa sautin waɗannan faya-fayan ya fita tas. Waƙoƙinsu sun kai ɗaruruwa.

Mathieu Kérékou ya karɓi mulki a 1972, aka sauya sunan ƙasa zuwa Benin a 1975, su ma suka yi waƙoƙin juyin juya hali kamar sauran makaɗa. A farkon shekarun 1980 Papillon da mai gangarsu Yehouessi Léopold suka rasu, tattalin arziki ya durƙushe, kiɗa ya yi sanyi.

Abin da ke ci mini rai shi ne daga Turai aka zo aka tono su. Kamfanin Soundway na Ingila da Analog Africa na Jamus ne suka bi kasuwanni da ɗakunan ajiya suna tattara tsofaffin faya-fayai suna sake bugawa. Daga nan ƙungiyar ta sake haɗuwa, ta fita wasa Turai a 2009, ta yi sabon faifai a 2011, shekara guda kafin Mélomé Clément ya rasu. Mu da muke maƙwabtaka da su, gidajen rediyonmu ba su ko ambaton sunansu.

Roƙona shi ne ku ware musu shiri guda, ku sa waƙoƙinsu cikakku ba guntu-guntu ba, ku kuma aiko wakilinku Kwatano ya zauna da dattawan da suka yi zamani da su tun suna da ƙarfin ba da labari.

Naku mai sauraro,
daga unguwar Zongo, Kwatano