Kafin Ka Zo Hutun Bana

Mandawari, Kano.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya kai da iyalinka, ina sanar da kai cewa mu nan gida duk lafiya lau, sai hunturu da ya fara shigowa da ƙarfinsa, har mahaifiyarka ta fito da barguna tun makon jiya. Saƙonka ya iso cewa an ba ka hutun mako uku a watan Disamba, kuma za ku taho gaba ɗaya har da yara. Mun yi murna ƙwarai, Allah ya kawo ku lafiya. Na zaɓi in rubuto maka da alƙalami in ba ƙanenka da zai je Legas sarin kaya ya miƙa maka hannu da hannu, domin maganar da zan yi a kan waya ce, kuma na san idan na turo ta WhatsApp za ka karanta ta ne a tsaye, tsakanin saƙon ofis da wani bidiyon barkwanci, ka amsa mini da “to Baba” ka wuce.

Bara ka yi kwana goma sha takwas a gidan nan, amma in gaya maka gaskiya, gangar jikinka ce ta zo Kano, hankalinka bai sauka daga mota ba. Ranar da gwaggonka ta taso takanas daga Gwammaja, da ciwon gwiwar da ka san tana fama da shi, domin ta gan ka, ina zaune a zaure ina jin ku. Tana ba ka labarin rasuwar maƙwabciyarta ta shekara arba'in, kai kuwa kana ta “Allah sarki, Allah sarki” idonka na kan tafin hannunka. Da na raka ta bakin titi ta hau adaidaita sahu, abin da ta tambaye ni shi ne ko wata damuwa ce ke gare ka a wurin aiki da kake ɓoye mana. Ban sami abin da zan ce mata ba. Sannan ranar da za ku koma, kai da bakinka ka ce wa mahaifiyarka ji kake kamar ba ka huta ba, kuma na yarda da kai, domin dare bai taɓa rabawa na fito tsakar gida ban ga hasken waya ta tagar ɗakinka ba.

Ba ina faɗa maka wannan a matsayin wanda ya tsira ba ne. Da na ajiye aikin koyarwa ka saya mini babbar waya, aka zuba ni a zauren tsofaffin abokan makaranta da na 'yan fansho da na unguwa da na masallaci, sai ga ni, dattijo da furfura, ina kai ƙarfe ɗaya na dare ina sauraron muhawarar siyasa tsakanin mutanen da ban taɓa gani ba. Sau biyu a mako guda jam'in Asuba ya wuce ni, abin da ban saba ba tun ina saurayi, har liman ya aiko a duba ko ba ni da lafiya. Kunyar wannan aiken ce ta sa na zauna na yi wa kaina hisabi. Sabo turken wawa, in ji mutanen da, kuma na ga turken a ƙafata.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne na daɗe da sanin yadda tarkon yake, tun kafin a ƙera wayar. Lokacin da muke koyon aikin malanta an karantar da mu gwaje-gwajen wani masanin halayyar ɗan Adam ɗan Amurka, B. F. Skinner, wanda yake sa tantabara a akwati, idan ta caki wani madanni sai ƙwayar hatsi ta faɗo. Ya lura cewa idan hatsin yana faɗowa a kowace caka, da zarar an daina ba ta sai ta haƙura da wuri. Amma idan ya zama wani lokaci ya faɗo, wani lokaci ya ƙi, ba tare da ta san yaushe ba, to, nan ne take dagewa tana caka ba ji ba gani. Mu a lokacin darasin da aka so mu ɗauka shi ne yadda za a yaba wa ɗalibi a aji. Masu ƙera manhajojin nan kuwa sun ɗauki darasin zuwa kasuwa. Duk lokacin da ka zaro waya daga aljihu ba ka san abin da za ka tarar ba: ko albishir, ko zagi, ko abin dariya, ko ba komai. Wannan rashin sanin shi ne ke mayar da hannunka aljihu bayan minti biyar. Har ƙarshen shafi ma sun cire. A da idan kana karanta jarida za ka kai bango ka ninke ta, amma tun 2006 wani injiniya mai suna Aza Raskin ya fito da tsarin da shafi ba ya ƙarewa komai jan da ka yi masa da yatsa, kuma daga baya shi da kansa ya fito ya nuna nadamarsa. Dalilin duk wannan ba ɓoyayye ba ne. Facebook da TikTok da YouTube ba sa karɓar kuɗin shiga a hannun yawancin mutane. Talla suke sayarwa, kuma gwargwadon daɗewarka a ciki, gwargwadon tallan da za a nuna maka.

To, ƙwaƙwalwar da ta saba da wannan cakar tun safe har dare, wata goma sha ɗaya a jere, ba za ta natsu ba don kawai an ce mata yau an fara hutu. Wannan shi ne abin da nake so ka fahimta fiye da komai a takardar nan. Shiru zai zame mata kamar yunwa. Za ka zauna a tsakar gida babu abin da ke damunka, amma ka ji kamar ka manta wani abu a kan wuta. Ni da na rage, kwana uku na farko na sha wahalarsu, ina ta laluben aljihun riga alhali na san wayar tana cikin durowa. Duk wanda ya taɓa shiga i'itikafi a goman ƙarshe na Ramadan ya san wannan yanayin: ranakun farko zuciya tana kasuwa, sai daga baya take shigowa masallacin ta same ka. Saboda haka idan ka bari sai ka iso Kano sannan ka fara, rabin hutunka zai tafi a wannan fafutukar. Ka fara tun yanzu, mako biyu kafin tafiya, a hankali.

Farko ka duba lissafin da wayar take yi maka da kanta. Tun 2018 wayoyin iPhone da na Android suke da wurin da ke nuna awa nawa mutum ya yi a kowace manhaja da sau nawa ya buɗe wayar a rana. Ƙanwarka ce ta nuna mini nawa, kuma ba zan rubuta maka adadin ba don kada ka raina ni. Bayan ka gani, ka kashe ƙarar shigowar saƙo ta komai da komai, ka bar kira kaɗai, domin mai larura ta gaske kira yake yi. Ka tuna lokacin da wayar salula ta shigo ƙasar nan a 2001, ana biyan naira 50 a minti ɗaya, mutane na layi a wurin masu lema a bakin titi. Babu wanda yake kira sai da dalili, kuma duniya ba ta tsaya ba.

Sai batun dare, wanda shi ya fi damuna. Allah ya faɗa mana a Suratun Naba'i cewa ya sanya barci hutu, ya sanya dare sutura, ya sanya yini lokacin neman abinci. Likitoci kuma sun bayyana cewa idan duhu ya yi jiki yana fitar da wani sinadari da ake kira melatonin wanda ke shirya mutum ga barci, haske mai ƙarfi a ido da daddare kuwa yana jinkirta fitarsa. Ka haɗa wannan da labarin tashin hankali ko gardamar da ka karanta kana kwance, ka ga dalilin da mutum zai yi awa biyu yana juyi. Baligi yana buƙatar aƙalla awa bakwai, kai kuwa da kake fita tun duhu don ka riga cunkoson Legas, ban ga inda kake samo ko biyar ba. Ka san hadisin Abdullahi ɗan Amru ɗan Asi, wanda yake azumi kullum yana raya dare gaba ɗaya, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana shi, ya gaya masa cewa jikinsa yana da haƙƙi a kansa, idonsa yana da haƙƙi, matarsa tana da haƙƙi, baƙonsa ma yana da haƙƙi. Idan an taka wa mai salla birki saboda haƙƙin idonsa, ina ga mai kallon bidiyon mutanen da bai sani ba? Ka sayi agogo mai ƙararrawa, ka bar wayar tana caji a falo daga bayan Isha'i. Uzurin da kowa ke kawowa shi ne da ita yake tashi Asuba, kuma ni ma na kawo shi.

Na san za ka ce aikinka ba irin namu na alli da allo ba ne, shugabanka yana iya nemanka kowane lokaci. Ban musa ba, kuma ba zan ce ka yi wasa da hanyar abincinka ba. Amma matsalar ba taka ce kai kaɗai ba, har ta kai a Faransa, tun Janairun 2017, doka ta wajabta wa kamfanoni masu ma'aikata 50 zuwa sama su zauna da ma'aikatansu su tsara lokutan da ba dole ne mutum ya amsa saƙon aiki ba. Mu ba mu da wannan, sai dai mutum ya yi wa kansa tsari da ladabi. Ka rubuta bayanin duk abin da ke hannunka ka miƙa wa wanda zai riƙe maka, ka shaida wa shugabanka cewa kullum bayan Azahar za ka duba imel na rabin awa, idan kuma abu ya yi tsanani ga lambar da za a kira. Yawancin abin da ake kira gaggawa a ofis, idan aka san ba ka kusa, sai ka ga an warware shi ba tare da kai ba. Akwai ƙaramar wayata mai tocila da cajinta ke kwana huɗu, zan ba ka aronta ka sa layinka a ciki, babbar kuma mahaifiyarka ta ce za ta ajiye maka a cikin kwallayenta, inda na tabbata ba za ka yi gigin shiga ba.

Kada kuma ka cika hutun da tsare-tsare har ya zama wani aikin. Abu kaɗan nake so mu yi. Ina so wata safiya mu tafi da yara karofin Ƙofar Mata, wanda ake cewa yana nan tun 1498, su ga yadda marini yake tsoma zane a ruwan baba ya ɗago shi ya bar iska ta buge shi, ya sake tsomawa, sau da yawa, domin launin ba a cikin ramin yake kamawa ba, sai an fito da zanen ya sha iska sannan koren ya juye shuɗi. Mutum zai iya tsayawa awa guda yana kallon wannan bai gaji ba, in dai ba ɗaukar hoto ya je yi ba. Ina so mu hau Dala da yamma idan hazo ya yi sauƙi, in nuna musu Goron Dutse da hasumiyoyin Masallacin Juma'a da inda ganuwa ta bi, wannan karon da idanunsu, don bara ta bayan wayarka ka ga garin. Idan hali ya yi mu kai su Tiga su ga ruwa. Sauran kwanakin kuwa na ziyara ne da ƙailula da zaman zaure. Zumunta a ƙafa take, kuma gidan gwaggonka za mu fara zuwa, da gurasa da ɗan turare, ka zauna ka saurare ta har ta gaji don kanta.

Idan kun koma Legas ba na tsammanin za ka ci gaba da riƙe waya mai tocila, kuma ba na so, domin da babbar nake ganin fuskar jikokina duk Juma'a, da ita kake turo mana abin cefane. Abin da nake fata ka koma da shi guda uku ne kawai: kada waya ta zauna a kan tabarmar cin abinci, kada ta kwana a ɗakin barci, kuma daga idar da sallar Asuba zuwa karin kumallo kada ka buɗe ta. Ni a kan haka nake yanzu shekara guda, wani lokaci in karya in dawo. Ina kuma roƙonka ka dubi amaryata ƙarama. Bara na ga duk lokacin da ta yi kuka sai a miƙa mata waya ta yi shiru, kuma da na ɗauke ta ina yi mata tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, ban kai ga “ta zo mu ji ta” ba ta zame ta tafi neman wayar uwarta. Shekararta huɗu. Ba laifinta ba ne, kuma ba na uwarta kaɗai ba ne, abin da ta ga kowa yana yi ne a gidan. Wannan maganar ka yi ta da matarka cikin lalama, kada ka ce daga wurina ta fito.

Ka sanar da ƙanenka ranar da za ku taso da kuma ko ta jirgi ne ko ta mota, domin a gyara muku ɗakin soro. Ku taho wa yara da rigunan sanyi masu kauri, sanyin bana ba irin wanda suka sani ba ne. Mahaifiyarka tana gaishe ku, ta ce a gaya wa maigidanta ƙarami ta ajiye masa tsamiyar kunu. Amsar wannan takarda kuma, idan da hali, ka rubuto ta da hannu ka ba ƙanenka ya taho da ita. Na manta yadda rubutunka yake.

Allah ya yi muku albarka, ya kawo ku lafiya.

Wassalam,
Mahaifinka.