Wasiƙa zuwa Kumasi kan masu taurin kai

Aminina Malam Sani,

Assalamu alaikum. Ina fata kai da iyali da mutanen zango kuna lafiya. Ka ce ɗalibanka na ajin fassara kome suka tarar sai su rubuta "taurin kai", ka rasa ta inda za ka ɓullo musu. To, ka fara sa su duba wace gaɓa kowane harshe ya ɗora wa laifin.

Yawanci kai ne. Inyamurai na cewa isi ike, Yarabawa orí kunkun, Faransawa têtu, daga tête, wato kai. Waɗannan "taurin kai" ya ishe su. Amma maƙwabtanka Asante kunne suke kamawa: asoɔden, taurin kunne. Wannan kunnen ƙashi ne, yaron da aka hana ya ƙi hanuwa, wanda ake ja wa kunne da "wanda bai ji bari ba, ya ji hoho". Ibrananci kuwa wuya ya kama, wato taurin wuya, kamar na bijimi mai ƙin karkiya.

A Hausar kanta nan ake yawan tuntuɓe. Kafiya ta mai ra'ayi ce, ya kafe a kan magana ko an kawo masa hujja. Gardama a baki take, mai ita yana iya musu da safe ya bi ka da yamma. Naci maimaita nema ne, kuma sau da yawa yabo ne, don ɗalibi mai naci shi malami ke so. Kangara ta fi su muni: kangararre ya wuce faɗa, ya wuce bulala. In ɗalibi ya kira dattijo mai kafiya kangararre, ya zage shi, ba fassara ya yi ba. Gagara kuwa fuska biyu gare ta, gagararre abin kuka ne a gida, amma Gagarau kirari ne.

Larabci sai an yi hattara. Anid a Alƙur'ani, kamar "jabbarin anid" a Suratu Hud aya ta 59, mai ƙin gaskiya ne bayan ya san ta, ya wuce rigimar yara. Daga tushen nan Turkawa suka sami inat, har ta kai Bosniya. A Sarayebo, babban birnin Bosniya, akwai gidan da ake kira Inat Kuća, wato Gidan Kafiya: lokacin da hukumar Ostiriya, mai mulkin ƙasar a zamanin, za ta gina zauren birni wajen 1892, mai gidan ya ƙi tashi sai da aka kwashe masa shi tubali-tubali aka sake ginawa a tsallaken kogi. Can abin alfahari ne, yanzu ma gidan cin abinci ne.

Ka ba su jimloli goma, kowace su faɗi wa ya ƙi, me ya ƙi, kuma mai maganar yabo yake ko zargi, kafin su zaɓi kalma.

Ka gaida Hajiya da yara. Allah ya sada mu da alheri.

Naka,
Bala