Wasiƙa daga Daura: Maganar Cibiyar Mazaɓa

Aminina,

Assalamu alaikum. Ya iyali, ya ruwan Fatakwal? Mu nan hunturu ya kankama. Inna na gaishe ka, ta ce ka daina yi mata kiran minti biyu.

Maganar Goggo ta Baure ce ta zaunar da ni rubuto maka. Jikanta zai yi rajistar JAMB, ka kuwa san tun 2021 ba a yi sai da lambar NIN. A ofishin NIN aka ce su kawo takardar haihuwa, ita kuma wani ofis ne daban. Sau uku suna hawa mota: ran farko layi bai iso kansu ba, ran na biyu babu sabis. Da suka biyo ta gidana, a zaure ta zauna ta kwance ƙullin bakin zaninta tana ƙirga canjin da ya rage, takardun yaron na cikin baƙar leda a cinyarta. Kaji biyu ta sayar ta yi kuɗin mota. Wallahi ranar abinci bai yi mini daɗi ba.

Shi ya sa na sa ido a kan shirin raya al'umma da gwamnatin Dikko Radda ta ƙaddamar a 2024, mai niyyar kafa cibiya a kowace ɗaya daga mazaɓu 361 na ƙananan hukumomi 34 na jihar nan tamu ta Katsina. Ni burina cibiyar ta zama ƙofa ɗaya: nan a rubuta jariri, nan manomi ya ji labarin taki, nan a cike wa tsohuwa fom, nan a kai kukan rijiyar burtsatsen da ta lalace. Mutum ya taka da ƙafa ya je, ya dawo kafin azahar.

Amma gini ba shi ne aiki ba. Ɗakuna nawa muka gani an shafe da fenti, bayan shekara awaki ke kwana a baranda? Wanda zai zauna a teburin nan ya zama ɗan gari, wanda mai unguwa da dagaci suka san ubansa, wanda zai ji kunyar karɓar na goro a hannun maƙwabci. Lallai kuma a sa mace, don akwai matan da ba za su taɓa buɗe wa namiji baki a kan matsalarsu ba, kai ma ka sani.

Sai wuta, tushen komai. A nan nake neman ka, tunda sola ce sana'arka: faranti nawa da batir nawa za su riƙe kwamfuta biyu, na'urar buga takarda da fanka daga safe zuwa la'asar? Rubuto mini da farashi, ina so in kai wa dattawan mazaɓarmu kafin zamansu na gaba.

Yaron dai ya samu lambarsa. Ka gaida mai ɗakinka da yara.

Naka har kullum,
Amininka na Daura