Kowace ƙasa da itacen da ya karɓe ta

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu in yi magana a kan abin da na sani, wato 'ya'yan itatuwa. Shekarata 27 a kasuwar 'Yan Lemo da ke Na'ibawa a Kano. Da dakon kwando na fara, yau Alhamdulillahi ina da rumfa da yara huɗu a ƙarƙashina.

Mu a kasuwa ba sai mun duba kalanda ba, motar da ta shigo ita ke faɗa mana lokacin da ake ciki. In lemo ya cika fili har ana tattake shi, to kaka ta yi, motocin Gboko da Vandeikya ne ke sauke kayan Binuwai. In agwaluma ta iso daga ƙasar Yarbawa, sanyi ya kankama. Mangwaro kuwa hawowa yake yi kamar mai tafiyar ƙasa: na kudu ya riga nuna, mu sayar da shi da tsada, kafin Binta siga da paparanda namu na gida su faɗo da bazara, farashi ya karye. Abarba da ayaba daga Edo da Kuros Riba, inda ruwan sama ba ya yankewa sai na ɗan lokaci. Kankana daga fadamun Jigawa da Yobe, ita rana take so da ƙasa mai rairayi. Inabi daga Kudan ta jihar Kaduna. Ƙasa ɗaya ce, amma in ka tsaya a bakin rumfata sai ka rantse kayan ƙasashe biyar ne.

Akwai abin da ke ɓata mini rai kullum. Mai saye ya zo, ya ture lemon Binuwai don bayansa kore ne, ya ɗauki na Masar mai ruwan ɗorawa a kan ninkin kuɗi. Alhali koren nan ba ɗanye ba ne. Ɓawon lemo ba ya juyewa sai ya sha sanyin dare, a Binuwai kuwa dare ba ya yin sanyin da zai juya shi, sai ya nuna a ciki ya bar rigarsa yadda take. Na sha yanka wa mutum kyauta don ya ɗanɗana da bakinsa.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne abin da ya sami ƙanena. Shekara shida da suka wuce wani mai sayar da dashe ya zo masa da hotuna a waya, ya ce tuffa ce ta zamani mai jure zafi. Ƙanena ya sayar da tumaki biyu ya sayi dashe 40, ya dasa a gonarmu ta gado da ke arewacin Kano. Ya yi ban ruwa da jarka a bayan babur har bazara uku. Ganye ya fito, fure bai zo ba sai jefi-jefi, wanda ya zo ma ya kakkaɓe. Gara ta ci wasu, zafin watan Afrilu ya ƙone sauran. Ranar da ya tuge na ƙarshe ina wurin, bai ce da ni komai ba, ni ma ban ce ba.

Tuffa itaciyar ƙasar sanyi ce. Sai ta yi barci a cikin sanyi na makonni, ta zubar da ganye, sannan ta farka ta yi fure. Shi ya sa akasarin wadda muke sayarwa daga Afirka ta Kudu take zuwa a kwali. A Najeriya inda take ɗan yarda ta yi 'ya'ya shi ne kan tudu irin na Jos, mai tsayin kusan mita 1,200, da Mambila da ta fi shi tsayi. A tudun Jos ne ma ake noman sitiroberi, a ƙauyen Chaha kusa da Vom, a kawo mana shi da hunturu cikin 'yan robobi, kuma in ya kwana biyu a zafin Kano ya narke. Tsayin wuri ne ke ba su wannan dama. Buzayen da ke kawo mana dabino sukan ba ni labarin Timia, can cikin duwatsun Abzin a arewa da Agadas, inda ake noman lemo da rumman da ruwan rijiya a tsakiyar Sahara. Su ma tudu ne da sanyin dare suka taimake su. Gonarmu ba ta da ko ɗaya.

Amma gonarmu tana da nata. Lokacin da muke yara akwai kanya biyu a gefenta, da ɗinya, da aduwa, da ɗorawa uku, da magarya a kan iyaka. Babu watan da yaro zai fita kiwo ya dawo da yunwa. Da bazara a sha garin ɗorawa, iyayenmu mata su tara kalwa su yi daddawa. Farkon damina kaɗanya ta zubo, a sha, a tara ƙwallon don man kaɗe. Da kaka ɗinya ta yi baƙi, a dafa ta a yi maɗi. Da rani ga kanya da magarya da kurna da taura da goruba, ga 'ya'yan kuka a dama a yi kwalba da nono. Allon da na yi karatu da shi ma na aduwa ne. Babu wanda ya taɓa ɗaukar bokiti ya ba itatuwan nan ruwa, kuma a shekarar farin 1984, da gero ya ƙi, suna tsaye da 'ya'yansu. Yau a cikinsu saura ɗorawa ɗaya a tsaye. Wasu an sare an yi turmi, wasu masu gawayi sun saye su a tsaye. Ɗana na uku, mai shekara 11, ya san sunan tuffa da Turanci amma da na kawo masa 'ya'yan tsada sai ya tambaye ni ko ana ci.

Turawa kuwa tun 2008 Tarayyar Turai ta amince a riƙa sayar da garin 'ya'yan kuka a kasuwanninsu, garin da sinadarin bitamin C da ke cikinsa ya fi na lemo.

Ba cewa nake a guji sabon iri ba. Bayan asarar tuffa, wani malamin gona ya nuna wa ƙanena yadda ake yi wa magarya aure da wani iri mai manyan 'ya'ya da ya samo asali daga Indiya, wanda cibiyar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai ta yaɗa. 'Yan Nijar suna ce masa tuffar Sahel. Saiwar ta magaryarmu ce da ta saba da fari, reshen ne baƙo. Shekara biyu ba ta cika ba ya fara tsinka, 'ya'yan kusan girman ƙwan kaza, ga garɗi. Bana kwando tara ya kawo mini, ban kwana da ko ɗaya ba. Haka dabino: ga tashar bincike ta NIFOR a Dutse, ga rana da busasshiyar iska irin wadda yake so, amma har yau in azumi ya zo sai mun jira na Agadas da Aljeriya da Saudiyya.

Don haka ina kira ga masu raba dashe duk damina, na gwamnati da na ƙungiyoyi. Darbejiya da turare suna da inuwa, ban raina su ba, amma ba a cin 'ya'yansu, kuma bishiyar da ba ta ciyar da mai gona ba ya tsare ta daga akuya. A sa kanya da ɗinya da aduwa da magarya mai aure da dabino a cikin rabon jihohin da ke bakin hamada. A bar wa Filato da Mambila tuffarsu da fiya, a taimaki Binuwai da hanya da wurin adana lemo, don ni na san yawan wanda muke zubarwa a bola in mota ta kwana uku a hanya. A kuma sa ido a kan masu yawo da dashe suna yi wa talaka alkawarin abin da ƙasarsa ba za ta iya ba. Manoman Maraɗi sun nuna ba sai an kashe kuɗi da yawa ba: tun shekarun 1980 suke abin da suke kira sassabin zamani, wato in kututture ya tofo a gona ba a sare shi, sai a rage rassan a bar masu ƙarfi su tashi.

Mu ma mun fara. Akwai kututturen kanya ɗaya daga cikin biyun nan na gefen gona da ya tofo bara. Mun kewaye shi da ƙaya, yanzu ya kai ƙugu.

Na gode da wannan fili. Allah Ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naka,
Wani ɗan kasuwar 'Yan Lemo,
Na'ibawa, Kano.