Rahoton Ayyukan Ƙungiya na Shekarar 2025

Assalamu alaikum 'yan uwa mambobi.

Tarukan wata-wata sun gudana yadda aka saba, ban da na watan azumi da aka ɗage.

Abin da ya fi faranta mana rai bana shi ne taron ɗora Linux, wato manhajar tafiyar da kwamfuta da ake iya sawa a maimakon Windows, da muka yi a Tudun Wada cikin Satumba. Jin cewa Microsoft za ta daina kula da Windows 10 daga 14 ga Oktoba ya sa jama'ar Gusau suka yi mana cincirindo: ɗalibai, masu shagunan buga takardu, har da wani dattijo malamin makaranta da ya zo da laftof ɗinsa naɗe cikin sallaya.

Tun da hantsi muka fara cin karo da matsala. A sa filashin Ubuntu, wani nau'in Linux, ya tashi lafiya lau, a zo wurin zaɓen diski, wayam, babu shi babu dalilinsa. Nan mai kwamfuta zai fara zare ido, yana zaton ajiyarsa ta salwanta. Alhali diskin lafiyarsa ƙalau. Kwantirolar da ke sarrafa shi ce aka saita a kan tsarin RAID, wato Intel RST, Linux kuwa ba ya ganin diskin zamani nau'in NVMe ta wannan hanyar sai an shiga BIOS, wato saitin asali na kwamfuta, an mayar da ita kan tsarin AHCI. Masu son a bar musu Windows a gefe su ne aikinsu ya fi wuya, don in aka sauya kai tsaye, shuɗin allon da ke nuna Windows ta kasa tashi ne zai tarbe su. Wata ƙanwarmu, sabuwar shiga, ita ta zauna ta koya wa samarin dabarar: a fara umartar Windows ta tashi ta Safe Mode, wato yanayin gyara, a sauya saitin, sannan a dawo da ita daidai. Kafin la'asar layi biyu suke gudanarwa ba tare da mu ba. Malam dattijo ya tafi da kwamfutarsa tana aiki, yana ta sa albarka. Allah Ya saka wa duk wanda ya tsaya ranar.

Masu tambayar sabar (kwamfutar da ke yi wa sauran kwamfutoci hidima) da aka ba mu kyauta, har yanzu ba ta tashi ba, kuma ba sakacin kwamiti ba ne. Kwantirolarta tsohuwar LSI SAS2008 ce, wadda kamfanin Red Hat ya cire tallafinta tun fitowar kashi na 8 na Linux ɗinsa a 2019, shi ya sa Rocky Linux, wanda aka gina a kan na Red Hat, ya ƙi ganin diskokin. Wannan mun warware shi, Debian, wani nau'in Linux daban, na ganinta sarai. Abin da ya tsayar da mu diskokin SAS biyu ne da suka mutu. Ba mu same su a kasuwar nan ba, sai an yi oda daga Kano ko Ikko, ga batirin infata da ake buƙata. Da me za a saya? Ko rabin mambobi ba su biya kuɗin wata ba.

Ziyarar Ƙaura Namoda da Talatar Mafara ma ba ta yiwu ba. Kowa ya san halin hanya da tsadar mota.

Akwai abin da ko sisi bai buƙata. Mun roƙi kowa ya buga umarnin lspci, mai lissafo kayan aikin da ke cikin kwamfuta, a kwamfutarsa ya turo sakamakon, mu haɗa jerin kwantirolin da ke aiki da masu gardama. Mutanen da suka saba ɗaukar nauyi su kaɗai suka turo. Amma ranar da diskin wani ya ɓace, da tsakar dare za a kira mu.

Duk mai bashi ya ga ma'aji kafin taron Janairu, don a ranar za a yanke shawarar odar diskokin.

Sakataren ƙungiya